Muhawara: shirya doguwar tafiyar keke ta hanyoyin gona, daga Kano zuwa Tiga a dawo

Nasiru

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena. Mu biyar ne muke son shirya tafiyar keke bayan an kammala girbi, kuma burinmu shi ne mu guji kwalta gwargwadon iko ba tare da mun yi nisa da gida ba. Abin da muka zana shi ne mu fita daga Kano ta gadar Tamburawa, mu sauka daga titin Zariya a wajen Karfi, mu bi hanyoyin gona da gefen magudanan ruwan noman rani zuwa Bunkure da Rano, daga nan mu ratsa ta Rurum mu kai madatsar ruwa ta Tiga, sannan mu dawo ta Kadawa da Kura. A taswirar waya, zagayen ya kama tsakanin kilomita 150 da 180, gwargwadon kwane-kwanen da muka zaɓa. Tambayarmu ita ce, shin kwana biyu zai ishe mu, kuma wane wata ya fi dacewa, sannan me ya wajaba mu riƙe?

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam, ƙanena Nasiru. Zaɓin hanyar ya yi kyau, domin ƙasar da ke tsakanin Tiga da Kura tana da abin da sauran wurare ba su da shi. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta yana gangarowa ta babbar magudana zuwa madatsar Ruwan Kanya, daga can kuma a rarraba shi zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Galibin manyan magudanan nan suna da hanyar ƙasa a gefensu wadda aka yi domin masu kula da su, kuma tun da ruwa ba ya hawa tudu, hanyar ma ba ta da hawa mai wahala. Mai keke ba zai samu abin da ya fi wannan sauƙi ba a wajen kwalta.

Shawarata ita ce ku zana hanyar tun kuna gida. Ku buɗe hoton tauraron ɗan Adam a Google Maps ku bi layin magudanar da ido, ku lura da inda gadoji suke, domin wanda ya bi gefen da ba shi ne ba zai iya yin tafiya mai tsawo kafin ya samu wurin tsallakawa. Bayan haka ku sauke taswirar yankin a manhaja irin OsmAnd, wadda take aiki ko da babu sabis, ku ajiye layin a wayoyi biyu aƙalla. Idan kuka riƙe kilomita 15 a awa ɗaya, kilomita 80 a rana ba zai wuce awa shida a kan sirdi ba, saboda haka ina ganin kwana biyu ya isa.

Malam Habibu

Injiniya, Allah ya saka da alheri, bayaninka game da magudanan gaskiya ne, amma ban yarda da lissafin kwana biyu ba, kuma ina roƙon Nasiru kada ya gina tafiyarsa a kansa. Ni a yankin Bunkure na tashi, kuma na san cewa hanyar da hoto ke nunawa a miƙe fes ba lallai ba ne haka take a ƙasa. Hoton na iya zama na bara ko na bara waccan, wataƙila ma da bazara aka ɗauke shi, lokacin da komai ya bushe. Manomi yana iya haƙa 'yar hanyar ruwa ya ratsa turbar domin ya shayar da tumatirinsa, wani kuma ya shimfiɗa tiyo daga injin ban ruwa, ruwan ya yi ta ɗiga har wurin ya zama taɓo a tsakiyar rani. Lakar fadama kuwa idan ta kama taya, tana taruwa tsakanin tayar da ƙarfen keke har ƙafar ta daina juyawa gaba ɗaya, sai mutum ya sauka ya nemi tsinke yana ƙwaƙulewa, ya tura taku ashirin, ya sake tsayawa.

Sannan da zarar an bar gefen magudana aka shiga burtali, labari ya sake. Burtali hanyar shanu ce, kofato ya niƙe ƙasarsa ta zama rairayi, kuma a cikin rairayi mai zurfi babu maganar kilomita 15 a awa. Mutum zai yi ta turawa a ƙasa, kilomita huɗu ko biyar a awa idan ya yi ƙoƙari. Tsakanin Rano da Rurum kuma ƙasa ce ta duwatsu, akwai hawa da gangara da tsakuwa.

Abin da nake so matasan nan su gane shi ne, a irin wannan tafiya ba da kilomita ake awo ba. Da awanni ake awo, da wurin da za a samu ruwa, da kuma garin da za a kwana. A watan Disamba rana kan fito bayan ƙarfe shida da rabi ta faɗi wajen ƙarfe shida, to a cire lokacin salla da cin abinci da faci da gaisuwa da mutane, a ga abin da ya rage. Ni a ganina kilomita 50 zuwa 60 a rana shi ne gwargwado, wato kwana uku. Ku fara zaɓen garuruwan da za ku kwana, sannan ku nemo hanyar da za ta haɗa su, ba ku zana layi sannan ku jira inda dare zai same ku ba.

Injiniya Bashir

Malam, na karɓi maganar taɓo da rairayi. Sai dai ina jin tsoron kada a fahimci cewa taswira ba ta da amfani. Wanda yake tambayar hanya a kowace mararraba zai samu amsoshi iri-iri, kuma sau da yawa mutanen kirki za su mayar da shi kwalta, domin a wurinsu babu dalilin da zai sa baƙo ya bar hanya mai kyau ya bi ta gona. Idan babu layin da aka zana tun farko, tafiyar za ta koma tafiyar titi ba tare da sun lura ba.

Malam Habibu

Wannan ma gaskiya ne, kuma maganinsa yana cikin yadda ake tambayar. Idan ka ce wa mutum, ina hanyar Rano, dole ya nuna maka titi. Amma idan taswirarka ta ba ka sunan ƙauyen da ke gaba, sai ka ce, Baba, wace hanya masu keke da masu jaki suke bi zuwa gari kaza ranar kasuwa, kuma rafin da ke tsakani ya janye ko da sauran ruwa? To nan za ka samu amsar da babu wayar da za ta ba ka. Masu tallan nono da masu acaɓa na ƙauye da 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin mako su ne suka fi kowa sanin halin da turba take ciki a wannan makon. Saboda haka taswira ta ba ka jerin sunayen garuruwa, mutane kuma su ba ka hanya. Da ɗan gari akan ci gari.

Baba Ilu

Salamu alaikum. Ni gyaran keke ne sana'ata, saboda haka a kan keken zan yi magana. Yarana, babban abokin gabarku a wannan hanya ƙaya ce. Da kaka ƙarangiya da tsidau sun nuna sun zube, kuma manoma suna shinge gonaki da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, rassan suna karyewa su faɗo kan turba. Tsidau yana da ƙaramar ƙaya mai tauri wadda take shiga taya ta karye a ciki, ka yi faci ka mayar da tub, ba ka yi nisa ba ya sake sacewa, saboda ƙayar tana nan. Don haka duk wanda ya ciro tub, ya zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ya ji tsinin, ya tura shi waje kafin ya mayar. Kafin ku tashi, ku samu tsohon tub ku tsaga shi, ku shimfiɗa a cikin tayar tsakaninta da sabon tub. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma yana rage faci sosai.

Abu na biyu shi ne girman taya da bawul. Kekunan gwanjo na zamani da yawa suna zuwa da taya mai inci 29 ko 27.5, wasu kuma da siririn bawul. Mai faci na ƙauye abin da ya saba da shi shi ne inci 28 na baƙin keke irin su Phoenix da Raleigh, da kuma inci 26, famfonsa ma sau da yawa ba ya kama siririn bawul. Wanda kekensa yake da irin wannan, ya riƙe tub biyu nasa na kansa da famfon da ya dace da shi. A tsakaninku kuma a samu sholisho da faci da sifana da filaya, da ɗan guntun sarƙa, da wayar burki guda ɗaya, da man sarƙa da tsumma, domin ƙurar hunturu tana busar da sarƙa ta fara kuka tun kafin azahar. A cikin rairayi ku rage iska kaɗan domin tayar ta baje, amma da kun shiga duwatsun Rano ku ƙara, in ba haka ba dutse zai matse tub a jikin gargare ya huda shi wuri biyu.

Kaya kuma a kan kariya ake ɗaure su da roba, ba a bayan mutum ba. Jakar goyo mai nauyi tana karya ƙugu da kafaɗa a rana ta biyu. Kuma kada wanda ya sa sabon sirdi ko sabon takalmi ranar tafiya.

Nasiru

Baba, mun gode ƙwarai. Biyu daga cikinmu baƙin keke gare su marar giya. Shin za su iya, ko sai sun nemi aron mai giya?

Baba Ilu

Za su iya mana. Da irin wannan keken mutanen yankin suke ɗaukar buhun albasa a wannan turbar kullum. A gefen magudana ma ba za ku ga bambanci ba, sai a hawan Rurum za su sauka su tura, ku kuma ku jira su a sama. Abin da zan duba musu shi ne burki, domin burkin sanda ba ya kamawa sosai idan gargare ya jiƙe ko ya lanƙwashe, kuma gangara da kaya ba wurin gwaji ba ne.

Malama Rabi

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙanena yana cikin masu irin wannan tafiya, shi ya sa nake bibiyar maganar. Akwai abu ɗaya da nake so in ja hankalinku a kansa da babbar murya. Za ku yini kuna tafiya a gefen ruwa mai sanyi kuna zufa, za ku ga yara suna iyo a magudana, zuciya za ta raya muku ku shiga. Don Allah kada ku shiga, kuma kada ku sha. Ruwan magudanan ban ruwa da na madatsu wuri ne da tsargiya take yaɗuwa, domin ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ko da ba shi da rauni. Ba a ganin alamarta nan take, sai daga baya mutum ya fara ganin jini a fitsari. Ban da wannan, babbar magudana tana da gudu, gefenta kuma yana da santsi, ko gwanin iyo yana iya kasa fita. Ruwan sha da na alwala ku ɗiba a famfon burtsatse ko rijiya mai murfi a cikin gari.

Kowa ya tanadi abin da zai ɗauki lita uku aƙalla, ya cika a duk garin da aka tsaya ko da bai ƙare ba. Hunturu yana yaudara, saboda iska tana busar da zufa nan take, mutum ba ya jin yana zubar da ruwa har sai ciwon kai da ɗaurewar tsoka sun zo. Ku riƙe ƙunshin gishiri da sukari na ORS, idan kuma babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci kuwa ba sai kun ɗauki mai yawa ba, domin za ku samu fura da nono da ƙosai da rake a hanya, amma dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa su kasance a aljihu, a riƙa ci kaɗan-kaɗan kafin yunwa ta kama.

Game da wata, ni na fi son ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ba zan shawarci kowa ya yini a kan keke da kaya a wannan yanayi ba. Da damina kuma rafuka suna cika, turba ta yanke. Mai asma ya riƙe maganinsa, kowa kuma ya samu rawani ko ƙyallen rufe hanci saboda ƙura, da rigar sanyi da bargo, domin asubahin hunturu a bakin ruwa ba wasa ba ne. Idan kuwa maciji ya sari wani, Allah ya kiyaye, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a nemi abin hawa a kai shi babban asibiti mafi kusa, wanda ya kamata ku san inda yake a kowane zango tun kafin ku bar gida.

Injiniya Bashir

Maganar Malama ta ƙarshe ita ce babbar fa'idar yin irin wannan tafiya kusa da gida. A duk zagayen nan ba za su yi nisa sosai da titin Zariya ko titin Karfi zuwa Rano ba. Ina ba da shawarar su yi alama a taswira a kan wuraren da za a iya fita zuwa kwalta, domin idan keke ya karye ko wani ya gaza, a tura zuwa titi a ɗora a motar haya, kafin dare yana gida. Game da kwana kuma, ni da zan so su ɗauki tanti su kwana a bakin ruwan Tiga, domin wannan yana cikin daɗin tafiyar.

Alhaji Tukur

Injiniya, a nan kam zan saɓa maka, kuma ina fata 'ya'yan nan za su saurare ni. Zamanin da muke ciki ba na kafa tanti a bayan gari ba ne. Samari biyar baƙi da jakunkuna da fitilu a gefen madatsa da daddare, ko da zuciyarsu fara ce, 'yan sintiri ba su san haka ba, kuma ba za a zarge su ba idan suka ɗauke su da wata manufa. Madatsa ma kadara ce ta hukuma, tana da masu gadi, ba a kwana a jikinta ko ɗaukar hotonta sai da izini.

Hanyar da iyayenmu suka bi ita ce har yanzu ta fi aminci. Ku shiga garin da za ku kwana tun da la'asar, da sauran rana, ku tambayi gidan mai gari ko dagaci, ku jingine kekunan a waje, ku cire takalma ku yi sallama, ku faɗi sunayenku da unguwarku da inda kuka fito da inda za ku. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. Idan da hali, wani daga cikinku ya je garin a mota mako guda kafin tafiyar ya gabatar da maganar, ko ku nemi ɗan garin da ke zaune a Kano ya buga waya ya yi muku iso. Da wuya a hana ku zaure ko harabar masallaci, kuma da zarar mai gari ya karɓe ku, kun shiga amanar garin gaba ɗaya. Ku tafi da goro ko sabulu ko sukari na gaisuwa, kuma idan aka kawo muku tuwo ku ci, kada ku ce kuna da guzuri.

Sai maganar sutura. Matsattsen gajeren wandon nan na 'yan tseren keke bai dace da shiga ƙauye ba, wanda yake son sa saboda laushin sirdi ya ɗora dogon wando a kai. Kada ku ɗauki hoton mata a bakin rijiya, kada ku ratsa cikin shuka ko da turbar ta ɓace, idan kuma kuka haɗu da garke a burtali ku sauka ku ba shi hanya, ku gaisa da makiyayin, domin saniya mai ɗan maraƙi ba ta son abin da ya taho mata da gudu. Haka kuma ina roƙonku kada ku wallafa hanyarku da ranakunku a Facebook kafin ku tafi. Ku bar cikakken bayanin a hannun mutum ɗaya a gida, ku riƙa kiransa safe da yamma, hotuna kuma su jira ku dawo. Daga Tiga kada sha'awa ta ja ku kudu zuwa dajin Falgore, wannan daji ba a shigarsa sai da sanin hukuma.

Injiniya Bashir

Alhaji, a kan Falgore da wallafa hanya babu saɓani tsakaninmu. A kan tanti kuwa har yanzu ina ganin yana da amfani, domin ba kowane zaure ne zai ɗauki mutum biyar da kekunansu ba, kuma a yankin ban ruwa sauro ba ya ƙarewa ko da rani. Abin da zan ce shi ne su ɗauki tantin ko gidan sauro, amma su kafa shi a inda mai gari ya nuna musu.

Alhaji Tukur

Idan a inda mai gari ya nuna ne, ba ni da ja.

Nasiru

Akwai tambaya ɗaya da ta raba kanmu. Tun da jimillar tafiyar ta haura kilomita 150, shin za mu yi ƙasaru?

Malam Sagiru

Ɗan uwa, a mazhabar Malikiyya tazarar ƙasaru buridi huɗu ce, wato mil 48, wanda malamai na wannan zamani suke ƙiyasta shi da kimanin kilomita 80, kuma tafiyar zuwa ake ƙirgawa ita kaɗai, ba a haɗa ta da ta dawowa. Tiga kuwa ta titi kimanin kilomita 70 ce daga Kano, ku kuma kun zaɓi doguwar hanya da gangan, kuma malamai suna da magana a kan wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa. Saboda haka kada ku ɗauki jimillar zagayen ku yanke hukunci da kanku. Ku kai wa malamin unguwarku taswirar, ku nuna masa zango-zango, ya ba ku fatawa. A aikace ma, idan kuka tsara yadda Malam Habibu ya faɗa, azahar za ta same ku a wani gari, magariba da isha kuma a masaukinku, kuma matafiyin da ya bi liman mazaunin gari cika salla yake yi.

Malam Habibu

Nasiru, ga yadda zan raba muku ita idan kun amince. Ranar farko ku tashi bayan asuba, ku wuce titin Zariya kafin manyan motoci su yi yawa, ku yini a cikin gonakin Bunkure ku kwana a Rano. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita ake wa kirari da Autan Bawo, kuma ta cancanci ku isa da sauran rana ku ga duwatsunta. Rana ta biyu ita ce gajeriya a taswira amma ita ce mai wahala, daga Rano ta Rurum zuwa Tiga, don haka kada ku ƙara mata komai. Rana ta uku ku biyo ruwa ku gangaro ta Kadawa da Kura. Ku sani cewa da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, wato a ranar dawowa ita za ku fuskanta, alhali ƙafafu sun riga sun gaji. Idan la'asar ta same ku ba ku wuce Kura ba, ku hau kwalta, ko ku sa kekunan a mota, kada ku shiga titin Zariya bayan magariba.

Kafin wannan kuma, ku ware Asabar guda ku gwada zangon farko kaɗai, daga Karfi zuwa Bunkure ku dawo, da dukkan kayan da kuke niyyar ɗauka a ɗaure a kan kariya. Ku duba agogo a farkon kowace irin ƙasa da ƙarshenta, gefen magudana daban, burtali daban. Da wannan awon za ku gyara lissafin sauran kwanakin.

Nasiru

Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tsayar da kwana uku a farkon Disamba, kuma gwajin Karfi zuwa Bunkure za mu yi shi Asabar mai zuwa in Allah ya yarda. Baba Ilu, ranar Alhamis za mu kawo kekunan biyar ka duba burki da sarƙa, ka kuma sa mana tsohon tub ɗin a cikin tayoyi. Alhaji, a Rano muna da wanda zai yi mana iso, amma a wajen Tiga ba mu da kowa tukuna, idan akwai wanda ya san wani a can muna neman taimako.